Darasin Safe Bayan Takaba

Kwana kaɗan bayan na fita takaba na koma wurin aiki. A lokacin, tsakiyar shekarun casa'in, ni ce mai buga takardu a biro, wato ofishin wani furoje na tallafa wa noma, a Madarumfa, ɗan gini mai rufin kwano a gefen hanyar da ke gangarawa tabki. Mijina direba ne, yana ɗaukar kaya tsakanin Maraɗi da Katsina. Motarsa ta kife gaba da Ɗan Issa, ko asibiti ba a kai da shi ba. Ya bar ni da ɗa namiji wanda bai daɗe da fara tafiya ba, na kwashe kayana na koma ɗakin Inna.

Da na shiga biro na tarar babu mashin ɗina na bugu. A wurinsa akwai wani abu lulluɓe da farin ƙyalle. Na tsaya riƙe da jakata, ban zauna ba.

Injiniyan furojen ne ya leƙo daga ɗakinsa. Mutumin Damagaram ne, dogo, siriri, ya kusa sa'an mahaifina, kuma ba shi da yawan magana. Ya yi mini gaisuwa a taƙaice, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya yaye ƙyallen.

"Ordinater ce, ɗiyata, na'ura mai ƙwaƙwalwa. Daga Yamai aka aiko da ita. Da ita za ki riƙa buga wasiƙu yanzu."

"Malam, ban iya ba."

"Na sani. Zauna."

Buga wasiƙa bai ba ni wahala ba, tunda haruffan suna inda na saba da su. Wahalata ita ce lokacin da aiki ya ƙare. Sai in zauna hannuna a cinya, ina kallon bango, har a kira azahar ban sani ba. Mutane suna shigowa suna ce mini in yi haƙuri, ina amsawa. Malam bai taɓa ce mini haka ba bayan ranar farko. Wata rana dai da zai wuce ya tsaya a kaina ya ce, "Gobe ki zo da wuri, kafin sauran su zo. Akwai abin da zan nuna miki."

Washegari na tarar da shi ya riga ya sa maigadi ya tada injin wuta. Ya ja kujera kusa da tawa, ya buɗe wani shuɗin allo da ban taɓa gani ba a cikin na'urar, ya rubuta layi ɗaya: PRINT, sannan "Ina kwana" a tsakanin alamomin zance. Ya danna maɓalli. Allon ya koma baƙi, can sama aka rubuta Ina kwana.

"Wannan kalma ta farko umarni ce," ya ce. "Na ce mata ta rubuta, ta rubuta. Ba ta san abin da ta rubuta ba. Yanzu ke."

Na sa ta rubuta sunan ɗana. Ta rubuta. Na daɗe ina kallonsa.

Haka muka fara. Harshen da ya koya mini sunansa BASIC. Kowace safiya abu ɗaya kawai yake nuna mini, ba ya ƙarawa ko na roƙe shi. Ba ya taɓa maɓallan in ina zaune, sai dai ya nuna da bakin alƙalaminsa. Kuma yana da doka guda wadda ta fi ba ni haushi. Duk lokacin da na gama rubutu na miƙa yatsa zan danna, sai ya ce, "Tsaya. Faɗa mini me za ta yi." Dole in bi layukan da baki, ɗaya bayan ɗaya, in faɗi abin da zai fito. In na faɗa daidai ya gyaɗa kai. In na kuskure ba ya gyara mini, sai ya ce in danna in gani da idona.

Da muka zo kan yadda na'ura ke ajiye lamba, sai ya ɗauko kwanon da maigadi ke cin abinci a ciki ya dire a gabana. "Ki ɗauka wannan kwanon sunansa A. Abin da kika zuba a ciki shi za ki tarar. In kika zuba sabo, na da ya tafi, ba za ta tambaye ki ba." Bayan nan muka koyi yadda za ta tambayi mutum ta jira amsarsa, sannan sharaɗi: in abu kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi wancan. Sai maimaitawa. Ranar da na fara gwada maimaitawa ni kaɗai, lambobi suka dinga zubowa a allon ba ƙaƙƙautawa. Na danna nan, na danna can, suka ƙi tsayawa. Na miƙe, na tabbata na lalata kayan da albashina na shekaru ba zai saya ba. Malam ya ƙarasa kurɓar shayinsa, ya nuna mini maɓallan da ke katse ta.

"Kin ce mata ta koma baya. A ina kika ce mata ta tsaya?"

Na duba. Babu inda na ce.

Ba kowace rana ce da daɗi ba. Akwai safiyar da nake tashi jikina kamar an ɗora mini dutse, in iso biro in ce masa yau ba zan iya ba. Sai ya ce, "To rubuta layi ɗaya ki tashi." Galibi in na rubuta ɗayan sai na biyu ya biyo. In ya tafi rangadi ƙauyuka, yakan bar mini aiki da baki: ki sa ta gane wadda ta fi girma cikin lambobi uku, ki sa ta jera jadawalin ninkawa. In babu man inji, a takarda nake yi, ina bin layukan da yatsa, ina zana kwanuka a gefe ina sauya abin da ke cikinsu. Da bazara kuwa fankar biro ɗaya ce, ita ma na'urar ake juya wa don kada ta yi zafi ta ɗauke, mu muna zufa a gabanta.

Kalmomin umarnin duk na Ingilishi ne, ni kuma Faransanci na yi a lakwal, makarantarmu ta boko. Haddace su nake yi kamar sunayen magani. Wata safiya ina kokawa da ɗaya daga cikinsu sai na tuna mijina yana jin ɗan Ingilishi, na kan hanya, wanda ya tsinta wajen ma'aikatan iyaka. Har na ce a raina in na koma gida zan tambaye shi. Sai na tuna. Na kifa kaina a kan tebur na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo gawarsa. Malam ya tashi ya fita, ya ja ƙofa, ya tsaya a waje yana sallamar masu zuwa da cewa ana gyara a ciki. Da na share fuskata ya dawo ya zauna.

"Ina muka tsaya?" ya ce.

Inna ba ta gane wannan sammako nawa ba. Ita ke riƙe ɗana, ba ta taɓa ƙorafi ba, amma ta fara jin maganganu a unguwa. Wata safiya sai ga ta a ƙofar biro da yaron a goye. Ta gaisa da Malam, ta ce ta zo ta ga abin da ke fitar da ɗiyarta kafin a ɗora koko. Na zaunar da ita, na rubuta ƴan layuka, na danna. Inna ba ta karatun boko, don haka na karanta mata: "Ina kwana, Inna? Kin tashi lafiya?"

Ta leƙa bayan na'urar. "Wa ke ciki?"

"Ba kowa, Inna. Ni na sa ta faɗa."

"To ai ke kika gaishe ni ke nan." Ta gyara goyonta. "Lahiya lau na tashi."

Ta ɗan ƙara zama tana kallon hannuna a kan maɓallan, sannan ta yi wa Malam godiya ta tafi. Daga ranar in na makara ita ke tashina.

Da damina ta kusa, Malam ya ba ni aikin gaske na farko. Furojen yana da ma'aunin ruwan sama a ƙauyuka da dama, har wajen Sarkin Yamma, kuma wakilai suna kawo abin da suka auna duk ƙarshen wata. Da hannu ake tarawa. Ya ce in rubuta wa na'urar shirin da zai karɓi awon kowane ƙauye, ya tara, ya gwada da abin da aka saba samu, ya faɗi inda ruwa ya gaza. Duk abin da na koya yana ciki, amma haɗa su wuri ɗaya ya ci mini makonni. In na gyara nan, can ya ɓaci. Malam yana gani, bai taimaka da komai ba sai tambayarsa ta kullum.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, mutane suka yi shuka, sannan ya ɗauke. Gero ya fito ya tsaya. Ana cikin wannan hali na gama shirin. Na shigar da awon ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, Malam yana tsaye a bayana da nasa lissafin na hannu. Na danna. Sunayen suka fito a jere, kuma a gaban mafi yawansu kalmomin da ni kaina na zaɓa: ruwa bai isa ba. Har da ƙauyen su mijina, inda mahaifiyarsa ke zaune da gona ɗaya.

Malam ya gwada da takardarsa layi bayan layi.

"Ya yi daidai," ya ce.

Na daɗe ina jiran ranar da zai faɗi haka. Da ya faɗa, babu wanda ya yi murmushi a cikinmu. Ya ce in fitar da shi a takarda, ya sa hannu, aka haɗa da wasiƙar neman agajin hatsi zuwa Yamai. Hatsin ya zo, a makare, kuma bai kai abin da aka nema ba. Ni da Inna muka rage daga namu muka aika wa surukata.

Mun ci gaba da darasin safe har shekara ta kewayo. Sannan masu ba furojen kuɗi suka janye, aka ce a rufe. Ni na naɗe wayoyin na'urar, na taya direba sa ta a kwali. Malam ya bi motar da ta tafi da ita. Kafin ya shiga ya ce mini akwai wani biro a Maraɗi da ke neman wanda ya iya irin wannan aiki, ya riga ya yi musu maganata.

"Malam, zan iya kuwa?"

"Za ki yi kuskure da yawa. Kin san yadda ake nemo shi."

Na je, suka gwada ni, suka ɗauke ni. Da wannan aikin na ciyar da Inna har ƙarshen rayuwarta, na sa ɗana lakwal. Malam kuwa ban sake ganinsa ba. Na aika masa gaisuwa ta bakin masu zuwa Damagaram, ya amsa sau ɗaya, ya ce a gaida yaron. Bayan wasu shekaru wani tsohon direban furojen ya gamu da ni a kasuwar Maraɗi ya ce mini Allah Ya yi masa rasuwa, an binne shi a garinsu. Na ajiye kwandona a ƙasa, muka ɗaga hannu ni da direban muka yi masa addu'a a nan tsakiyar masu tumatir.