Sittin a agogon motar Alhaji

A shekarar da aka ce Nasara za su tattara su tafi, wani ɗan kasuwarsu mai sayen gyaɗa ya bar wata baƙar mota a Gidan Rumji, ƙarƙashin gawo, bayan sito. Ta daɗe da mutuwa. Kaji na ƙwai a kujerar baya, ƙasa ta cinye tayoyinta. Wani Alhaji na garinmu, mai fataucin gyaɗa da fata, ya saye ta, ya sa aka kira ni. Lokacin ban daɗe da dawowa daga soja ba. Can na koyi gyaran mota, can kuma na koyi saurin hannu, abin da har yau ban gama rabuwa da shi ba.

Rani guda na yi a ƙarƙashinta. Na sauke inji na wanke shi, na kai kujeru wurin dukawa suka lulluɓe su da jar fata, na shafe jikinta har mutum na ganin fuskarsa. Ranar da ta tashi mata har guɗa suka yi. Abu ɗaya ya rage, agogon gudu, wannan mai allura da ke gaban direba yana nuna saurin mota. Nata ya ruɓe. Alhaji yana da dangi a Katsina, can kakanninsa suka fito, sai ya aika aka ciro masa wani daga jikin wata matacciyar motar Ingilishi. Na ɗaura shi, ya zauna daram. Amma mutanen can da mil suke awon hanya, mu nan da kilomita, kuma mil ya fi kilomita tsawo nesa ba kusa ba. In allurar ta nuna sittin, to a awonmu motar ta kusa ɗari.

Na faɗa wa Alhaji. Na ce ya bar mini ita in buɗe agogon in daidaita shi.

Ya ce, "Sittin sittin ta, ko Katsina ko Maraɗi. Kai dai son kwance-kwance gare ka."

Ya taɓa shiga motar kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, sau ɗaya, ya ga allura a kan sittin, tun daga nan ya ɗauka gudun manya ke nan. Bai yi lakol ba, bai iya karanta lamba ba, don haka ya sa aka ɗiga masa jan fenti a kan lambar, yadda zai hango ta daga baya.

Direban motar kuwa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na koya masa tuƙi, ni na nema masa aikin, yana da mata da jariri. Mutum ne mai sanyi, irin wanda ko akuya ta ci masa hatsi shi zai ba ta haƙuri. Ashe Alhaji yana zama baya da dorina a cinya, da allura ta sauka daga jan ɗigo sai ya tsula masa a ƙeya. Ban sani ba sai ranar da na same shi yana alwala. Ya sunkuya zai shafa kai, na ga wuyansa layi-layi, wasu sun bushe, wasu suna ruwa.

Na ce, "Mi ya same ka?"

Ya ce, "Ba komi, Yaya. Ƙaya ta."

Na san ƙaya, na san dorina. Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo. Washegari Alhaji zai tafi Cadakori cin kasuwa, na ce zan bi su in saurari inji, na shiga gaba kusa da ƙanena.

Kaka ce, an gama girbi, lokacin da Fulani ke shigowa gonaki da shanu su ci kara. Hanya duk gargada da rairayi. Motar na tsalle, haƙorana na haɗuwa. Ƙanena ya ɗan ɗaga ƙafa, kafin in ƙifta ido na ji dorina ta sauka masa a wuya, tas. Ya ƙara wuta.

Na juya na ce, "Alhaji, motar ga gudu takai hiye da abin da kaka gani. Za ka kashe mu."

Ya zabga mini ita a fuska, bakinta ya tsaga mini leɓe. Ya ce, "Kama bakinka, tsohon soja. Mota tau ta ko taka?"

Na yunƙura zan haura kujera, ƙanena ya riƙe mini gwiwa da hannu ɗaya yana girgiza kai. Allura ta hau jan ɗigo ta zauna. A daidai nan garke ya fito daga cikin sabara ya cika hanya.

Ƙanena ya taka birki, motar ta ja gefe tana jan ƙasa, ta ɗauki wata farar saniya a haƙarƙari. Ƙahonta ya fasa gilashin gaba ya wuce tsakanina da shi. Muka tsaya cikin wata gona, ruwan inji na tafasa. Saniyar na kwance ƙafafu a karye, tana wani irin kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba. Wani saurayi cikin makiyayan ya sheƙo, ya zare wuƙa, ya danne kanta ya yanka ta kada ta zama mushe. Jini ya wanke masa hannu har gwiwa. Cikinta na motsi, ashe da ɗa a ciki. Saurayin ya miƙe ya ɗauki sandarsa, 'yan'uwansa suka biyo shi.

Ba su tambayi komai ba. Suka fizgo ƙanena daga kujerar direba suka rufe shi da duka. Na ɗauki ƙarfen kwance taya na fita, na kwaɗa wa ɗaya a kafaɗa ya durƙusa. Wani ya zagayo ta bayana ya rafka mini sanda a tsakiyar kai, na faɗi, jini ya rufe mini ido ɗaya. Da ɗayan na ga ƙanena ya ɗaga hannun hagu yana kare kansa, sanda ta sauka, na ji ƙashin ya ɓalle kamar busasshen kara. Alhaji kuwa ya murɗe gilasan baya, ya kulle ƙofofi, ya kwanta tsakanin kujeru.

Wani tsoho mai malfa ya iso yana daka musu tsawa da Fillanci, suka ja da baya. Shi ne ubansu, mai shanun. Ya dubi saniyarsa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya tsuguna kan ƙanena. Rigarsa ta yage, wuyansa a fili. Bafillatani ya san shatar bulala, domin a cikin shaɗi suke tashi, inda samari ke tuɓe riga su tsaya a zane su a gaban jama'a. Ya sa yatsa ya bi layukan.

Ya ce, "Wannan ba sandan yarana ba. Wannan ya kwana. Wa ya yi?"

Ni na faɗa, ina tofar da jini. Na nuna masa jan ɗigon, allurar ta maƙale a kansa, na gaya masa abin da ke faruwa in ta sauka. Tsohon ya yi magana a hankali, samarin suka fasa gilashin baya, suka jawo Alhaji ta ƙafafu, rawaninsa na warwarewa cikin kara. Tsohon ya ɗauko dorinar da kansa.

Ya ce, "Nagge ya mutu, wannan sai gaban sarki. Amma mu wurinmu, wanda ya bugi mutum shina tsayawa a rama. Wannan nan za a yi shi."

Ya miƙa wa ƙanena. Yana zaune, hannu na lilo, ya ce, "A'a, Baffa. Ubangidana na."

Ni na karɓa. Na zane Alhaji har babbar rigarsa ta tsage, har ya koma kirana ɗansa, yana haɗa ni da Allah da Annabi. Tsohon ne ya kama mini hannu da ya ga ba ni da niyyar tsayawa. Ban yi nadama ba ranar, yau ma ba na yi.

Jandarma suka rufe ni. Alhaji ya biya saniya a gaban sarki. Aka kai ƙanena wurin maɗori, hannun ya kama, amma a karkace. Ina nan ina kashe kuɗin cizo sai ga Alhaji ya zo buro, ofishin jandarma, da kansa ya ce a sake ni. Ba don yana sona ba. Bikin samun 'yanci ya matso, yana son shiga Maraɗi da tuta a gaban motarsa, kuma duk garin ba mai iya tayar da ita sai ni. Ba mu haɗa ido ba. Ƙanena ya ce zai koma bakin aikinsa, gonarmu ba ta ciyar da gida biyu. Na roƙe shi, na zage shi, ya ƙi. Da na je ɗauko motar, na ga sabuwar dorina rataye a zauren Alhaji.

Sai da na gama da inji da gilashi, sannan na ciro agogon na buɗe shi a kan faifai. A ciki akwai wani siririn ƙarfe a naɗe, kamar gashi, shi ke jan allura baya. Na sassauta shi kaɗan, na mayar. Muka hau hanyar Maraɗi ni da ƙanena, ina duban duwatsun kilomita da agogon hannuna na soja. In sittin ta gaskiya ce, kowane minti sai a wuce dutse ɗaya. Na buɗe, na rufe, na sake buɗewa, har ya yi daidai cif. Amma da muka shiga gargada na dubi karkataccen hannun a kan sitiyari, yana rawa, yana neman kuɓucewa. Muka koma gida, na ƙara sassauta ƙarfen, har sai da allura ta riƙa taɓa jan ɗigo alhali motar da kyar take wuce doki mai sukuwa.

Alhaji ya shiga Maraɗi da tutarsa. Ya riƙa cika baki a kasuwa wai motarsa sittin take yi ko girgiza babu. Dorinar ta zauna a cinyarsa, ba ta ƙara tashi ba har motar ta sake mutuwa.

Ƙanena ya yi tsawon rai, ya koma tuƙa babbar mota, ya ga jikoki. Tafiyarmu ta ƙarshe tare Sae Sabuwa muka nufa, dukanmu gemu ya yi fari, Alhaji ya daɗe a ƙasa. Ba kowa a bayanmu sai buhunan gero. Wani amalanken jaki ya shigo hanya. Ƙanena ya ɗaga ƙafa don ya rage gudu, sai na ga ya ɗage kafaɗu, ya noƙe wuya, yana jira. Bai ma san ya yi ba. Na juya ina duban gonaki ta taga, hawaye na zubo mini, shi kuwa yana ba ni labarin tsadar taya.