Masu Barci a Cikin Munduwar Kaka

A gidanmu na Hausari, da an idar da isha'i sai mu zagaye murhun Kaka, garwashi na lumshe ido. A hannunta akwai munduwar tagulla da ta gada wurin uwarta, tun suna kiwo a wajen Mamudo. Ni kuwa ba ni da aiki sai in zare ta, in buɗe bakinta, in matse, in sake buɗewa.

Ran nan ta doke mini hannu. "Ke ja'ira, za ki tashe su!"

"Su wa, Kaka?"

"To, ga ta nan, ta zo da ƙafarta."

Ta ce a cikin tagulla akwai wani gari, mutanensa ƙanana ne, ido ba ya ganinsu. Kwance suke layi-layi, kowace unguwa da inda ta sa kai. In an lanƙwasa sau ɗaya, sai su mirgina cikin barci su ba juna wuri. In aka yi ta yi, sai su farka, wannan ya harɗe ƙafar wancan, ba mai iya motsi. Daga nan tagulla ta yi tauri, sai ɓas, ta karye.

"Wuta kaɗai ke lallashinsu," in ji ta. "Da sun ji ɗumi sai su gyara shimfiɗa."

Na daɗe ina kara munduwar a kunne, ko zan ji minsharinsu.

Bara, ana gobe ɗaurin auren 'yata Hauwa, munduwar ta ƙi shiga hannunta. Ita kaɗai ta rage mana daga kayan Kaka. Ƙanwata ta kama za ta buɗe ta da ƙarfin tsiya, na ga tagullar ta cije. Na yi wuf na riƙe ta.

"Sake ta, don Allah!"

Muka kai wa maƙeri. Ya sa ta a wuta har ta yi jawur, ya bari ta huce, ya buɗe ta a hankali, ko gardama ba ta yi ba.

A hanya na ba Hauwa tatsuniyar, ina jiran ta yi mini dariya, ita da ta karanta kimiyya. Sai ta juyo ta dube ni.

"Umma, na ga garin nan a makaranta, ta madubin da ke ƙara girman abu. Har unguwannin."

Wallahi sai hawaye. Shekara da shekaru ina zaton dabarar tsohuwa ce don in bar mata kayanta.

Na zura wa Hauwa munduwar, na matse bakin sau ɗaya.

"Shi ke nan," na ce. "Kar ki tashe su."