Tsakanin Asuba da Azahar

Ni dai Jidda na so Inna ta sauka. Ƙanena, autanmu, yana aikin girki a wani ƙaton jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, kuma jirgin zai tsaya a tashar Jidda yini guda tak ya wuce. Rabon Inna da shi tun bai tsirar da gemu ba. Ga idanunta suna tafiya. Likita a Kano ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa hawan jinin ido ya cinye na hagu, na dama ma saura ƙiris. In ba ta gan shi a wannan tsayawar ba, babu tabbas za ta ƙara ganinsa.

Daga filin jirgin saman Jidda zuwa bakin ruwa ba wata tafiya ba ce. Amma Inna ta ce min a waya, "Wa ya taɓa shiga gida bai gaida maigida ba? Madina zan sauka." Na yi magiya, na yi faɗa, har abokan aikina a kantin magani suka leƙo su ga da wa nake. A banza. Na sayi tikitin Madina ina ƙunƙuni, na sa ta zo da wuri don ta huta a gidana da ke unguwar Azizya a nan Madina kafin mu kama hanya.

Ashe zuwa da wurin ne zai ja min. Ko kayanta ba ta kwance ba ta ce a kai ta Harami. Muna fitowa daga la'asar ta sanar da ni ta ɗaura niyyar arba'in. Wanda ya san tsofaffinmu ya san wannan: salla arba'in a jere a masallacin Manzon Allah, ba a tsallake ko ɗaya, in an tsallake a koma farko. Na ƙirga da yatsu. Jirgin auta zai iso Jidda ba ta cika ba.

"Inna, Jidda fa za mu."

"Sai ya jira in gama."

"Jirgin ruwa ne, Inna, ba motar tasha ba da ke jiran cikon mutum ɗaya."

"Don shi na ɗaura," in ji ta. "Allah ya raba shi da ruwan nan ya dawo min da shi tudu. Ba zan karya ba."

Na ɗauko maƙwabciyata, haifaffiyar unguwar Harra ta Gabas a nan Madina, wadda kakanninta suka zo daga Damagaram a ƙafa. Ta zauna rabi da Hausa rabi da Larabci tana nuna wa Inna arba'in ɗin nan ba farilla ba ce. Inna ta saurara, ta sa mata albarka, ta ba ta kilishi. Tana fita Inna ta ce, "Wadda ba ta iya kai zance ƙarshe da Hausa ce za ta koya min addini?"

Daga nan na zama 'yar kamasho ƙarfi da yaji. A mota, zuwa kaɗai zai cinye rabin yini. Jirgin sama kuwa, zaman filin jirgi ya fi tafiyar tsawo. Saura jirgin ƙasa mai gudun nan, kuma a duk yini babu tazarar da za ta ɗauki zuwa da dawowa sai tsakanin asuba da azahar. Ga lokacin Umara, kujeru sun ƙare. Hannu ɗaya ina miƙa wa mutane magani, ɗaya yana kan waya ina fakon wanda zai fasa tafiya. Abinci ya daina shiga min. Da kujeru biyu suka fito, nan take na saye su.

Na kira auta na ce lallai ya fito da hantsi, don mu ba za mu kai rana tsaka ba. Ya ce, "Yaya, zan yi ƙoƙari." Na ce ya riƙe ƙoƙarinsa, fitowa nake so.

Ranar, liman yana sallame asuba na ɗora Inna a keken tura marasa ƙarfi, na ratsa harabar Harami da gudu, abayata tana harɗe ni. Ita tana rungume da ledar dambun naman da ta yo masa tun daga Kano. Mun samu jirgin ƙasan da ƙyar. A Jidda mai tasi ya fara kai mu ƙofar da ake fitar da kwantena, na zazzage masa abin da ke cikina, ya juya ya kai mu ta fasinja. Masu gadi suka ce marar tikiti ba ya wuce nan. Muka raɓe a inuwar katanga, zafi mai danshi yana dafa mu.

Baƙi suka yi ta fitowa da gajerun wanduna da malafuna suna shiga motoci. Auta bai ɗaga waya ba. Na kira har wayar ta yi zafi a hannuna. Can sai ga saƙonsa: shugabansu ya ce ba mai barin kicin sai an gama abincin rana.

Wallahi kuka na fashe da shi a gaban mutane. Na ce, "Inna, in azahar a Harami kike so, yanzu za mu tashi. In ɗanki kike so, mu zauna. Ni dabarata ta ƙare."

Sai ta ce, "Ina jirgin nasa?" Na nuna mata shi, fari fat, ya kere katanga kamar bene. Ta ɗaga kai tana ƙifta ido, na ɗauka rana ce ta dame ta. Ta zare takalmanta ta gyara zama. Jirgin ƙasanmu ya tafi ba mu. Da aka kira azahar na shimfiɗa mata gyalena a gefen titi, ta yi sallarta a zaune, hawaye yana sauka a kan ledar dambu.

Gab da la'asar ya fito a guje da fararen kayan kicin. Ya zube gabanta yana "Inna, Inna." Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta shafa goshi, ta shafa kunne, ta shafa gemu. Ta ce, "Ka yi kyau, auta, ka yi ƙiba." Alhali ya rame kamar kara. Ya ci dambu loma biyu a tsugune, aka kira shi a waya, ya koma yana waiwaye.

Ba mu samu kujerar jirgin ƙasa ba, muka shiga motar haya. Mun yi nisa, rana ta yi ja, ta matso kusa da kunnena.

"Ke, gemun nan da na taɓa, baƙi ne ko ya fara fari?"

Na juya na dube ta, ni da nake ɗiga mata magani a ido safe da yamma. "Tun yaushe, Inna?"

"Tun Kano. Haske da inuwa kawai nake rabewa. Da na faɗa, da kun ce zuwan ba shi da amfani."

Na ce, "Akwai fari kaɗan a haɓa, daidai inda na Baba ya fara."

Ta gyaɗa kai, ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "To, siffanta min shi, faro min daga goshi."