Mai Buɗe Wa Ƙwai Taga

Malam Sirajuddeen Kurfi ya buɗe ƙwai fiye da dubu goma a Dutsin-Ma, bai ci ko ɗaya ba. Na sani, domin ni nake kai masa. Sunana Audi, daga Barkiya, kiwon kaji nake yi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a ɗakin gwaji na wata makaranta. Kullum zai baro Kurfi da sassafe a kan tsohon babur ɗinsa. Kafin ya gaisa da kowa sai ya taɓa akwatin ɗumama ƙwai da bayan hannu. Sannan ya ɗauki ƙwan da ya kwana biyu a ciki, ya yanka wa ɓawon ƙaramar taga da almakashi, ya ɗiga launi, ya kira ɗalibai su leƙa ta madubin da ke ƙara wa abu girma. Ya gama ya liƙe tagar, ƙwan ya ci gaba da rayuwa.

Ranar da na fara ganin haka na ce masa, "Malam, wannan ɓarna ce."

Ya ce, "Baba Audi, zauna ka sa ido."

Na sa. Na ga wasu ɗige-ɗige a jere kamar shanu a hanya. Ya ce ƙwayoyin halitta ne. Daga bayan ɗan tsako suke tasowa, su yi tafiya, wasu su je su gina fuska, wasu su sauka ciki, wasu su ba fata launi.

Na ce, "Wa ke kiransu?"

Ya ce, "Akwai kira, amma kora ta fi ba ni mamaki. Me ke riƙe shanu a burtali?"

Na ce, "Shingen aguwar da aka dasa dama da hagu. Saniya ba ta cin ta."

Ya ce, "To, naman da ke gefen hanyarsu yana fitar da wani abu. Da ƙwayar ta taɓa shi sai ta janye gabanta, ta juya. Nan a ce mata ba nan ba, can a ce mata ba nan ba, har ta isa inda Allah Ya nufe ta."

Ban yi boko mai nisa ba, amma na gane a zama ɗaya. Akwai masu manyan takardu a makarantar da ba su taɓa fahimtar da ni komai ba sai farashin ƙwai.

Shekarar da wuta ta ɗauke mako uku, injin makarantar kuma ya mutu, aikin ɗalibai goma sha huɗu ya kusa rubewa. Malam ya jera ƙwan a kwando cikin ƙaiƙayi, ya kawo Kurfi, ya bi gida gida yana aron kajin da ke kwanci. Unguwa ta yi ta dariya. Ɗaliban duk sun gama, wasunsu yau ana ce musu dakta.

Da jikata Mairama ta haifi yaro da tsagaggen leɓe, mata suka ce laifinta ne, ta taka abin da bai kamata ba. Malam ne ya zo Barkiya ya zauna a zaure ya ce ɓangarorin fuska ne ba su gama haɗuwa ba tun cikin yana ƙarami, ba ruwan uwa. Ya raka su asibiti a Katsina. An ɗinke.

Watan jiya Malam ya ajiye aiki. A makon ne makarantar ta fitar da littafin hotunan tafiyar ƙwayoyin nan, aka yi taro da kujeru da lemo. Kowane hoto a ciki hannunsa ne ya buɗe ƙwan, idonsa ne ya zaɓi lokacin ɗauka. Na sa aka karanta mini sunayen bango sau biyu. Mutum uku ne. Babu shi. A shafin ƙarshe an gode wa "ma'aikata". Shi ne ma ya jera kujerun taron.

Na ce masa ya yi magana. Ya ce, "Baba, ai ƙwayoyin sun san wanda ya gan su." Wannan haƙurinsa ne. Ni ba ni da shi.

Malam Sirajuddeen, kai ne mai hannun da ba ya rawa. Kai ne ka koya wa mai kaji abin da ke cikin ƙwansa, ba ka taɓa raina tambayata ba. Na gode. Mairama ta gode. Allah Ya saka maka. Ku kuma matasa, in za ku yi aiki ku yi irin nasa, in kuma kun hau kujera ku rubuta sunan wanda ya yi.

Ranar kasuwar da ta wuce Dakta Jibril, ɗaya daga cikin ukun da ke bangon littafin, ya zo Barkiya da mota. Sun gwada ƙwan manyan gidajen gona, can babu zakara, ƙwan ba ya kama rai. Sabon zango ya fara, ɗalibai na jira.

Ya ce, "Baba, tire biyar na ƙwai muke so, kamar yadda aka saba."

Na ce, "Da wa aka saba?"

Ya yi murmushi. "Haba Baba, mantuwa ce aka yi da sunan Malam. In an sake buga littafin za a duba."

Na ce, "A duba tukuna. Gidansa na Kurfi, bayan kasuwa. Ka je da littafin, da sunansa a bango."

"To, ko tire ɗaya yau."

Na ja ƙofar akurki na rufe.

"Ba nan ba, Dakta. Ba zan sayar ba."