Baba Daidai da Gilashin Maman Yara

Duk wanda ya san Baba Daidai mai aski ya san labarin ranar da ya fito shago da gilashin matarsa a fuska. Gilasan nan biyu kamarsu ɗaya, kuma a kan taga ɗaya suke kwana. Nasa na ganin kusa ne, nata kuwa likita kaɗai ya san abin da ya zuba a ciki. Da ya fito titi ya ga komai dishi-dishi, sai ya ɗauka tsufa ne ya yi masa ƙari, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Shirun nan da dalili. Babban ɗansa ya daɗe yana matsa masa ya rufe shago ya zauna gida ya huta, tunda kujerar askin ta fi ganin ƙura a kan mutane. Tsofaffin abokan cinikinsa sanƙo ya ƙwace masa su ɗaya bayan ɗaya, samari kuma sun koma sabon shagon tsallaken titi mai fitilu da kiɗa. Da ya kuskura ya ce ido ya fara gardama, da ranar za a sa wa ƙofar kwaɗo. Shi kuwa mutum ne da in ka raba shi da almakashi bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Sunan Daidai ma a wurin aiki ya samo shi: layin goshi kamar an ja da rula, in kuma silin gashi ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo, sai ya bi ka da almakashi har bakin ƙofa.

A ranar ne wani saurayi mai gyaran waya ya shigo, don sabon shagon ya cika. Suma gare shi mai laushi har kafaɗa, ya ce a ɗan rage. Baba ya ɗaura masa ƙyalle, ya fesa ruwa, ya taje, ya kai almakashi inda ya ga gashin, ashe gashin ba a nan yake ba. Ya datse wani wurin. Ya bi don ya gyara, wani gefen ya ɓaci. Sama ya gajarce, tsakiya ta zarce shi, na goshi ya zubo a tsattsage, ƙeya kuwa bai taɓa ta ba don ya ɗauka ya riga ya wuce ta. Da gumi ya ishe shi ya cire gilashin zai share, sai ga jan zaren da Maman yara take ɗaurawa a nata. Ya ja da baya ya dubi kan da ke gabansa: hawa-hawa, buzu-buzu, kamar kazar da ruwa ya daka iska ta busar.

Yana haɗa kalmomin ban haƙuri, saurayin ya cusa yatsu cikin sumar ya yamutsa, ya karkata kai a madubi.

"Baba, ashe ka iya askin mutanen da? Can na nuna musu hoto har na gaji."

Baba ya dubi madubi, ya dubi yaron, ya rasa wanda ke yi masa ba'a a cikinsu.

Kafin mako ya zagayo, abokan mai gyaran waya sun fara zama a bencinsa, kowa na son irin wancan. Baba ya sa gilashinsa na gaskiya, ya yi wa na farko da dukan ƙwarewarsa, kai ya fito sumul. Yaron ya tashi jiki a sanyaye, yana cewa shi bai zo askin neman aiki ba. Baba ya gwada rufe ido ɗaya. Ya gwada hannun hagu. Har ya kira mai gyaran waya ya zaunar da shi, yana tsaga sumar da mataji yana nazarin kuskurensa kamar mai bitar jarrabawa: gajere a sama, kowane hawa ya ɗara na samansa, a tsattsaga bakin gashin da tsinin almakashi, a ƙyale ƙeya ta sauka. Kai ya gane sarai, hannu ya ƙi. Da ya bar wani ɓangare ya yi tsawo, kafin ya ankara yatsunsa sun koma sun daidaita shi. Bencin ya fara komawa yadda yake.

Dole ta sa ya kai ƙara gida. Maman yara tana kan keken ɗinkinta ta saurare shi, ta yi dariya har da hawaye, don ita ma ranar wuni ta yi tana neman kafar allura da gilashinsa. Washegari ta biyo ta shagon don ta ga abin da idonta, aka nuna mata mai gyaran waya a bakin rumfarsa. Ta daɗe tana kallo.

"Baban yara, wannan ai sumarka ce, lokacin da kake tsayuwa a ƙofar gidanmu."

Ya rantse bai taɓa yawo da kai irin wannan ba. Ta tuna masa cewa babanta ne ya leƙo ya tambaye shi ko masu askin unguwarsu duk sun yi ƙaura, kuma tun daga ranar ya ƙulla gaba da duk gashin da ya fita layi. Baba ya ce bai tuna ba, amma ya shafa ƙeyarsa.

Nan aka shirya. Da safe gilashinta ya bi shi shago, bayan azahar ya dawo mata, da sharaɗin ya zura mata zare a allurai kafin ya fita. Hawa-hawan da nata yake yi, gyaran fuska da gefen kunne da nasa, don reza ba ta san wasa ba. Ranar da ɗansa ya zo da maganar kwaɗon nan, bai sami wurin zama a benci ba. Ya tsaya a tsaye ya yi ta kallo, ya gaida uban ya tafi bai ɗauko zancen ba.

Har yau Baba bai yarda askin yana da kyau ba. In ya gama ya sauya gilashi, sai ya kawar da kai, ya danne hannunsa na dama da na hagu don kada ya koma gyara, har yaron ya fita. Mai guga na kusa da shi kuma ba ya barinsa ya sha ruwa, kullum sai ya leƙo ya tambaye shi yau da idon wa ya fito.

"Ni ma ban gane ba," in ji Baba. "Da ina gani, ba kowa. Yanzu ba na gani, ga layi. Kai dai ka taya ni addu'a kada likita ya sauya mata gilashin nan."