Turmin da Ake Ci da Ƙwallo

A benen da muke zaune a unguwar Jurf, nan ƙasa mai tsarki, akwai wata maƙwabciyarmu 'yar Indiya mai ɗan turmin ƙarfe da take daka citta da tafarnuwa. Shekaranjiya ina hawa matakala da ledar cefane sai na jiyo shi ta bango, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ba wani dakan kirki ba ne, a gidanmu ko yarinya ba za a yaba wa a kansa ba. Amma sai da na ajiye ledar na jingina da bango, domin ƙarar ta mayar da ni unguwar Harra ta Yamma, gidan kakata, inda aka haife ni.

Bari in gaya maka tun da wuri, mai karatu, wasan ƙwallon da zan ba ka labarinsa ban taɓa ganinsa da idona ba sai da na girma na yi aure. A lokacin mata ba sa zuwa fili. Duk da haka babu abin da ya riƙa juya ƙuruciyata kamar wasan nan, saboda shi yake yanke inda turminmu zai kwana shekara guda.

Turmin na iccen ƙirya ne, baƙi wuluk don tsufa, bakinsa ya siɗe yana sheƙi. Mahaifiyar Kaka ce ta taso da shi daga ƙasar Kano, ta ratsa Cadi da Sudan, ta haye teku. An ce a hanya ta zubar da tabarmi da ƙore, amma ta ce turmi kam sai dai a bar ta tare da shi. Da ta rasu ta bar 'ya'ya mata biyu: kakata, wadda ta haifi Baba, da ƙanwarta da aure ya kai ta unguwar Ranuna, can wajen masallacin Kuba. Mu Kakar Ranuna muke ce mata. Kowacce ta rantse ita uwarsu ta ce wa ta riƙe turmin. Daga nan magana ta yi tsami, har suka daina shiga gidan juna. Ko a suna ko a gaisuwar mutuwa suka haɗu, kowacce kusurwarta daban.

'Ya'yansu maza ne suka gaji da rigimar. Samarin unguwarmu yawanci kwalejin koyon sana'a suke zuwa, na Ranuna kuma kwalejin horar da malamai. Ƙungiyoyin ƙwallon makarantun biyu cike suke da yaranmu 'yan Hausawa, kuma rukuninsu ɗaya a gasar kwalejojin gari, saboda haka duk ƙarshen sanyi sai sun kara. Wata rana Baffa, babban ɗan Kakar Ranuna, ya ce cikin wasa, to a bar wa ƙwallo ta raba gardama mana. Abin mamaki, tsofaffin nan biyu da ba su san inda ake sa ƙwallo a raga ba suka amince, don kowacce ta tabbata jikokinta ba sa faɗuwa. Aka tsayar da ƙa'ida: unguwar da kwalejinta ta ci, turmi nata ne har baɗi. In an yi canjaras ya zauna inda yake. Wadda aka ci kuma tana da haƙƙin zuwa gidan da turmi yake gab da azumi, ta daka geronta na kunu da yajinta. Tabarya kuwa kowacce tana da tata, ba a aro.

Ranar wasa mu mata a tsakar gida muke wuni, kunnenmu a titi. Iskar ƙarshen sanyi tana busowa ta kan baƙaƙen duwatsun Harra, Inna tana ta zuba shayi da na'ana'a, ba mai shan na kirki. Kaka takan zauna kusa da turmin da carbi a hannu, tana cewa ita ba ruwanta da shirmen yara. Amma ko kyanwa ta ture kwano sai ta ɗago kai. Bayan la'asar sakaliya za ka ji hon ɗin motoci. In daga yamma ya taso, namu ne, sai guɗa. In daga kudu ya taso, to 'yan Ranuna ne tafe da a-kori-kura, wadda a nan ake ce wa wanet, sun zo ɗaukar kaya. Sai su ɗora turmin a baya su ɗaura masa rawani, suna yi mana gwalo da Hausa da Larabci a haɗe.

Ranar daka ita ce ranar da na fi so a duk shekara. Wadda aka ci za ta iso da hantsi, tabarya naɗe cikin tsohon zane. Mai gida za ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Kin zo daka?” Ita kuma ta ce, “Na zo daka.” Iyakar gaisuwarsu ke nan. Sai a zuba jiƙaƙƙen gero, su tsaya suna fuskantar juna, tabarya ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Can sai lugude ya kama, wannan ta cilla tabarya sama ta tafa hannu ta cafe, waccan ta mayar mata. Ƙamshin citta da kanumfari ya cika gida, barkono ya sa mu atishawa. Suna yi suna kushe juna. “Hannunki ya mutu.” “Naki ne ya mutu, ni tun ina goye nake daka.” Kafin azahar sun san wanda ya yi aure, da wanda ya yi ciwo, da wadda ta haihu, duk a cikin faɗa. Da yamma mai tafiya ta naɗe tabaryarta ta fita ba sallama, mai gida kuma ta sa a bi ta da ƙwaryar dabino, wai na yara ne.

Ina ajin ƙarshe na firamare aka sake tsarin gasar. Kwamitin wasannin kwalejoji ya ce daga yanzu makarantun sana'a za su riƙa karawa da 'yan uwansu na sana'a na wasu garuruwa, na malamai ma da na malamai. Wato Yayana, wanda shi ne mai tsaron ragar kwalejinmu, zai riƙa shiga bas ya tafi bakin teku ya buga da mutanen da bai san ko kakansu ba, amma ba zai sake haɗuwa da 'yan Ranuna da ke bayan masallacin Kuba ba. A shekarar kuwa mu muka ci wasan ƙarshe, turmi yana gidanmu.

Samarin unguwa suka yi ta murna. Yaya ya shigo yana tsalle, yana cewa da Kaka, “Halas, shi ke nan, ya Kaka! Turmi ya zama namu har abada, ba mai sake taɓa shi.” Ya zaci albishir ya kawo, har yana miƙa hannu a ba shi goro. Kaka ta dube shi kawai ta tashi ta shiga ɗaki. Mu duka, har da Baba, mun ɗauka turmin take so. Shekara da shekaru muna cikin gida ɗaya da ita ba mu gane ba.

Azumi ya matso, aka jiƙa gero. Kaka ta sa aka share tsakar gida, ta sa aka ware dabino mai kyau a ƙwarya, ta zauna tana kallon ƙofa tun hantsi har rana ta bar katanga. Kakar Ranuna ba ta zo ba. Ta aiko da cewa da can haƙƙinta take zuwa karɓa, don an ci ta a fili. Yanzu da babu wasa, in ta zo ta zama mai roƙo, ita kuwa ba ta roƙon turmin uwarta. Ranar na ga Kaka ta tsufa a gabana. Na san abin da ke ranta, domin an ce ciwon suga ya fara cin ƙafafun ƙanwar tata. Tsoronta kada ɗayarsu ta mutu ba su sake tsayawa a kan turmin nan ba. Ni ma tsoron ya kama ni, na shiga bayan tankin ruwa na yi kukana.

Baba ya ce to a kai mata turmin kawai. Kaka ta ce, “Sadaka za ka kai mata? Kafin la'asar za ta dawo maka da shi, ta haɗa maka da zagi.” Yaya ya ce su shirya wasa a filin unguwa. Daga Ranuna aka aiko cewa ba a cin turmin ƙirya da wasan 'yan ƙafa ba takalmi, sai da rigar makaranta da alƙali mai usur. A wannan kam bakin tsofaffin ya zo ɗaya.

Sai Kaka ta yanke hukuncinta. Ta sa aka kife turmin a lungu, ta rufe shi da buhu, ta ce turmin da ba a ci ba ba za ta daka a cikinsa ba, kuma ba wadda za ta daka. Azumin nan da injin markaɗe muka yi kunu. Ka taɓa shan kunun da ba ya da rai? Baba yakan kurɓa ya ajiye kofi. Yaji ya ƙare, aka koma barkonon kanti na cikin gwangwani. Fura kuwa sai labari. Abin da hawayen mata bai yi ba, cikin maza ya yi. Sallah na wucewa Baba ya sa hularsa ya tafi Ranuna wajen Baffa.

Ba ƙaramar wahala suka sha ba. Su je wannan ofis a ce sai wancan, su sami shugaban wannan kwaleji a ce sai na waccan ya yarda. Suka tara iyayen yara da tsofaffin 'yan wasa na unguwannin biyu, mutanen da suka shekara suna yi wa juna ba'a, yanzu ga su cikin mota ɗaya. Sanyi ya zo ya wuce ba wasa, zafi ya shigo har dabino ya nuna a gonakin Kuba, turmi yana kife. Baba ya ba mu labari cewa ranar da suka samu ganin shugaban kwamitin, wani dattijon Balarabe, ya tambaye su me ya sa wasa ɗaya ya dame su haka. Baba ya fara kawo maganar zumunci da tarbiyyar matasa. Baffa ya katse shi ya ce, “Ya shaihu, wallahi maganar turmi ce.” Ya kwashe labarin kaf ya faɗa. Mutumin ya yi dariya har da share ido, sannan ya ce rukuni dai an riga an raba, ba za a mayar ba. Amma zai kai shawara a bar kowace kwaleji ta zaɓi abokiyar hamayya ɗaya a wajen rukuninta, su riƙa karawa sau ɗaya a shekara, ko da ba maki a ciki. Bayan watanni aka amince.

Ranar wasan Kaka da kanta ta yaye buhun, ta sa aka tayar da turmin, ta shafe shi da mai. Muka zauna kamar da. Bayan la'asar hon ya taso, kuma daga kudu ya taso. Yaya ya riga motocin isowa, ya shigo ido jajur, safar hannunsa a hammata, ya durƙusa gaban ɗakin Kaka yana cewa ta yafe masa, ƙwallon ta zame masa ne. Labule ya ɗaga. Sai ga Kaka cikin abayarta ta zuwa Harami, ta sa turare, tabarya naɗe a zane. Ashe tun azahar ta shirya. Ta dafa kansa ta ce, “Tashi, Allah ya yi maka albarka.” Har yau Yaya yana rantsuwa ba da gangan ya saki ƙwallon ba, na kuma yarda da shi, don kukan da ya yi ba na wasa ba ne.

'Yan Ranuna suka shigo da ihunsu, suka yi turus da suka gan ta a bakin ƙofa. Ta ce, “Ku ɗauka a hankali, ya girmi ubanku.” Sannan ta buɗe gaban motar ta shiga ta zauna. Inna ta ce, ai azumi da saura, Kaka. Ta ce, “Yajinmu ya ƙare.” Aka miƙo mini ƙullin barkono da citta aka ce in bi ta.

Mun sami Kakar Ranuna a kan kujera, ƙafafunta a kumbure. Ta dubi turmin, ta dubi yayarta. Ta ce, “Kin zo daka?” Kaka ta ce, “Na zo daka.” Ƙanwar tata ba ta iya tsayuwa ba, sai aka jawo turmin gaban kujerarta, ta riƙa daka daga zaune. Luguden bai yi ƙarfin na da ba, tabarya ba ta tashi sama ba, amma ya kama. Kaka ta ce, “Hannunki ya mutu.” Na zauna a ƙasa ina atishawa ina dariya. Sun sake yin daka tare shekaru kaɗan bayan nan, kafin Allah ya ɗauki ƙaramar, babbar ta bi ta ba da jimawa ba.

Yanzu komai ya sauya. Gidan Harra an rushe shi an yi bene. Ina aiki a kantin magani, 'ya'yana ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci. Mata suna zuwa fili, na je na gani, kuma in gaya maka gaskiya wasan bai kai zaman jiran hon daɗi ba. Bana aka sake raba rukunin kwalejoji, na yi kwanaki gabana yana faɗuwa, sai ɗana ya shigo ya ce an bar wasan Harra da Ranuna yadda yake. Na yi hamdala a fili har ya tambaye ni ko lafiya.

Turmin ya tsage ta gefe, an ɗaure shi da waya. Bana ma an ci mu, yana Ranuna a hannun jikar waccan kakar, sa'ata, wadda ba abin da ya taɓa haɗa mu sai alheri, kullum muna waya. Tabaryar Kaka tana wurina. Da azumi ya matso na naɗe ta a zane, na sa 'yata ta riƙe gero, muka hau mota. 'Yar uwar tawa ta buɗe ƙofa, ta haɗe fuska da ƙyar, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kin zo daka?”

Kafin in buɗe baki 'yata ta riga ni, da Hausarta mai karkata: “Mun zo daka.”