Gem Ɗin Gaisuwa

Ban taɓa sayen abin wasa ba, wannan na'urar gem ɗin ma ba ni na saya ba. Ƙanena ne ya tsinto ta a kasuwar Mai'adua cikin kayan gwanjo, ya ba babban ɗana. Baƙa ce, da hannu biyu masu igiya, ana jona ta da talabijin. Yaron ɗan fari ne, ba na kiran sunansa. "Kai" nake ce masa, kuma ya san da shi nake.

A gidana komai da tsarinsa. Mai shigowa zai yi sallama, ya jira amsa, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida babba kafin ƙarami. Na'urar nan na zuwa, tsarin ya watse. 'Ya'yan maƙwabta suka riƙa kwararowa da takalma a ƙafa, suna wuce ni a zaure kamar turken akuya. Na yanke hukunci: ranar kasuwa za ta koma inda ta fito.

Bayan la'asar yaron ya zo ya durƙusa.

"Baba, a ɗan yi mini haƙuri zuwa ranar kasuwar. Buɗe ta zan yi."

"Ka buɗe ta ka ga me? Aljanun da ke ciki?"

"A'a, Baba. Waɗanda suka ƙera ta sun kulle ta, faifansu kaɗai take karɓa. In aka buɗe, abin da mutum ya rubuta da kansa ma za ta karanta."

"Har tarbiyya?"

Ya ce, "Har tarbiyya."

Na ce to, in ta koyar da tarbiyya ta zauna, in ba haka ba ta tafi.

Ni na sa ido a kan aikin. Na tanadi sukundireba da faranti na zuba notuna, sai ya ce ba a kwance ko ɗaya. Buɗewar da ba a kwance noti ba, ban yarda da ita ba. Da farko ya kai katin ajiyar na'urar wurin mai gyaran waya, aka zuba masa wani abu. Daga nan ya soka katin, hoton da aka saba gani ya ɓace, wani jerin rubutu ya fito. Sannan ya aro kwamfutar abokinsa ya duƙufa yana rubutu, yana kwafewa a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta, yana gwadawa. Sau da yawa allon baƙi ƙirin yake yi. Nakan ce masa ya tsallake wani abu ne, ya koma farko. Yakan ce haka ne, Baba.

Abin da ya fito a ƙarshe gida ne mai zaure, da ɗan yaro a ƙofa. Maɓalli ɗaya na sallama, ɗaya na takalmi, ɗaya na durƙuso. A cikin zauren ga wani mutum a kan tabarma, farar hula, rediyo a gefe, girarsa a haɗe. Wanda ya kuskure ko ya sauya jerin, mutumin zai ce, "Koma ka sake shigowa." Ban san wa yaron ya kwaikwaya ba, amma mutumin ya burge ni.

Yaran unguwa suka haddace tsarin tsaf. Har a kaina suka fara yi: sallama, takalmi, durƙuso, cikin sauri kamar ana korarsu. In na amsa, sai in ji suna raɗa, "Na wuce shi!"

Ana gobe kasuwa na ce da hannuna zan gwada kafin in yanke magana. Yara suka cika ɗakin, uwar ɗan nawa ta tsaya a bakin ƙofa. Na yi sallama daidai. Na cire takalmi daidai. Na isa gaban mutumin, na tsaya.

"Baba, a danna," in ji yaron.

"A danna me?"

"Na durƙuso. Sai a gaishe shi."

"Ni? Dubi gemunsa, baƙi wuluk. Na girme shi. Shi zai fara."

"Baba, ai mai shigowar a ciki yaro ne."

"A ciki ko a waje, na girme shi."

Na jira, shi ma ya jira. Can ya ce in koma in sake shigowa. Yara suka toshe baki, wani ya fita da gudu. Na sake shigowa, na sake tsayawa, ya sake korata.

"Malam, yau ka gamu da daidai kai," in ji uwarsa.

Na ajiye hannun na'urar, na faɗi hukunci. Na ɗaya, tunda na'urar ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, ta cancanci zama, ba za ta koma kasuwa ba. Na biyu, akwai kuskure a aikin, kuma a gyara: a sa wa mutumin furfura.

Da yake na'urar a buɗe take, kafin azahar gemun ya yi fari fat, har da sanda a gefe. Na shiga, na durƙusa, na gaishe shi yadda ya kamata. Bai ɗago kai daga rediyonsa ba, ya ce, "Lafiya."

Amsar ta yi mini gajarta, na kuwa faɗa. Yaran suka ce ai a gidan nan haka ake amsawa.